Kwalbar da Doña Herminia ta Wanke

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Tunja, garin sanyi. Ya ƙafar Kaka Etelvina? Ya zafin garinmu Sincelejo? Lafiyata ƙalau, karatu na tafiya. Kada ki saurari Yaya Wilmer da yake cewa na rame a hoto.

Kin tambayi abin da nake ci. Gidajen abinci sun kewaye jami'a, amma duk tukunyarsu ɗaya: dankali a miya, dankali a gefe, gishiri kuwa kamar likita ya hana garin gaba ɗaya. Mashayarsu ma babu kiɗa, sai samari a takure cikin bargo kamar masu zaman makoki.

Kindirmonmu mai gishiri da kika aiko ya iso. Na ba Doña Herminia, mai gidan da nake cin abincin rana, ta ajiye min a firji. Washegari na zo da dafaffen rogona don in haɗa da shi, sai ta tare ni da fara'a da ladabin da mutanen nan ke yi wa kowa: "Ranki ya daɗe, madarar nan taki ta lalace, na zubar, na wanke miki kwalbar tas."

Mama, matar da ke fasa ƙwai cikin tafasasshiyar madara, ta jiƙa burodi, ta ce karin kumallo ne! Wai ita ce ta san lalatacce!

Na ce na gode. A hanya na shinshina kwalbar, ƙanshin sabulu kawai. Ban yi kuka ba, sanyi ne ya sa ni hawaye.

Ki aiko wani. Ƙarƙashin gadona zan ajiye, garin nan ai ko'ina firji ne.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Yuleidis