Kurɓin Farko daga Rijiyar Baba

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malamin Lissafi, da amaryata Mai Kumatu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke sanar da ni hadari tun rediyo bai sani ba.

Na ƙirga da yatsu, ranar Talata amaryata za ta cika wata shida. Da aka haife ta kin ce ma'aikaciyar asibiti ta hana a ba ta ruwa ko ɗigo, nono kaɗai ya ishe ta har wata shida. Ban yi musu ba. Amma ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina haƙa wa mutane rijiya, a ce jikata tana duniya ba ta san ɗanɗanon ruwa ba, abin ya tsaya mini a wuya. Na haɗiye. To, wa'adi ya cika.

Ga jarka nan na ba direban motar kasuwa. Sabuwa ce, sau uku na wanke ta da hannuna. Ruwan ciki daga rijiyar gidanmu na jawo shi, kafin kowa ya jefa guga. Kin san rijiyar, amma ba kamar yadda na san ta ba. Gaba goma sha huɗu na haƙa na tarar da dutse, mutane suka ce in haƙura. Kwana tara ina saran dutsen nan, ran na goma ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙafata, da sanyinsa, kamar dama ni yake jira. Ku bakwai ruwan nan ya raina, babu wanda cikinsa ya taɓa ɓaci a lokacin yaye. A tambaya a unguwa.

A cikin ƙullin tsumman akwai ɗan kofin silba, bai fi ƙwan kaza girma ba. Roƙona guda ne: ruwan da zai fara wuce maƙogwaronta ya zama nawa. Bayan nan ku ba ta na famfo, ko na kwalba, ko duk wanda lissafin Malam ya faɗa a kai.

Innarki na gaishe ki. Na rubuto ne don waya tana cinye rabin maganar tsoho.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa gwiwa. Jarka ta iso da kofi, mun gode ƙwarai.

Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ruwan na tafasa shi, na bar shi ya huce a rufe, kamar yadda aka koya mana a asibiti. Jarkar ta kwana biyu a hanya, kuma cikin jariri ba irin namu ba ne.

Sai dai amaryar taka ta ƙi sha. Yau kwana huɗu. Ɗan abinci mai laushi da na fara ba ta a cokali tana karɓa har da lashe leɓe, amma da ta hango kofin sai ta datse baki. Jiya babanta ya riƙe mata hannu ni ina kai kofin, ta sa ƙafa ta shure shi, ruwan ya zube a kan yadin wata mata da nake ɗinkawa. Bayan gidanta ya fara tauri, tana kuka in za ta yi. Ma'aikaciyar ta ce kada in tsorata tunda tana shan nono sosai, amma lallai ta riƙa samun ɗan kurɓi bayan abinci.

Babanta yana ganin ko ɗanɗanon ruwan rijiya ne bai yi mata ba. Ya ce in Asabar ta makon gobe ta yi ba ta sha ba, zai sayo na kwalba a gwada. Ba ni da bakin hana shi. Zuwa yanzu dai ko ɗigo bai wuce ba, don haka roƙonka yana nan.

Taka mai biyayya,
Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau, ko a na farkon idona ne ya yi mini ƙarya. Ashe ba ƙarya ya yi ba. Ruwan da ya raine ki har kika iya riƙe almakashi, shi aka ɗora a wuta kamar mai laifi. To, madalla. Na gode.

Amma ba zan bar fushi ya hana amaryata ruwa ba, saboda haka saurara. A sana'armu, in mun gama rijiya, ba ma miƙa wa mai gida guga mu ce sha. Mai haƙa ne ke fara sha, a gabansa, a hankali. Na taɓa haƙa wa wani mai kanti, mutum mai zargi, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Ya leƙa ruwan ya ce bai yi masa kama da na sha ba. Na zauna a bakin rijiyar na juya masa ƙeya, na sha, na yi ajiyar zuciya, na sake sha. Kafin in kai na uku ya fizge gugan yana cewa ai rijiyarsa ce, kada in shanye masa.

Ku kuwa kun taru a kanta, wannan ya danne hannu, wannan na tura kofi, kamar masu ba akuya magani. Ko ni aka yi wa haka zan datse baki. Ki zaunar da ita a cinyarki bayan ta ci abinci. Ki sha daga kofin nan ke da kanki, kada ki kalle ta, kada ki miƙa mata. Malam kuma ya koma gefe da hannayensa a aljihu.

In Asabar ta yi aka sayo na kwalba, a maido mini da jarkata. Tana da amfani.

Mahaifinki.

*

Auta,

Ni ce Innarki. Ina gaishe ku duka. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro na manta.

Babanki kwana biyu ke nan yana zaune a bakin rijiya, ya ƙi cin abincin kirki. Ƙyale shi, zai huce. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ku bakwai ɗin da yake taƙama da ku a unguwa, babu wanda ya sha ruwan nan ɗanye yana jariri. A baƙar tukunyar nan nake tafasa muku, in ya shigo in ce na shayi ne. Rijiyar ba ta da laifi, ruwanta garai-garai. Amma guga na kowa ne, igiya a ƙasa take kwana, kaji kuma ba su san darajar aikin babanki ba.

Ki ci gaba da tafasawa. Dabarar da ya rubuto miki kuma ki gwada, da ita ya koya muku shan ruwa ku duka, wannan kam ba zan ƙwace masa ba.

Kada ya ji wannan magana daga bakinki. Mutumin da ya fasa dutse kwana tara, a bar masa abinsa.

Innarki.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna. Albishirinka, ta sha, ranar Juma'a da hantsi.

Na yi yadda ka ce. Na zaunar da ita, na kurɓa ina kallon taga. A na farko ta bi kofin da ido. A na biyu ta miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba. A na uku ta damƙe shi da hannu biyu ta ja zuwa bakinta, rabi a ciki rabi a riga. Babanta yana bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya ƙirga kurɓi uku. Ya ce in gaya maka wannan lissafin bai zo a littafinsa ba. Yau kwana uku tana sha bayan kowane abinci, cikinta ya saki, kuma ba a sayo na kwalba ba.

Ruwanka ne ya fara shiga, Baba. Tafasasshe ne, amma naka ne.

Taka,
Auta.

*

Autata,

Alhamdu lillahi. Takardarki ta zaga unguwa, har mai aski na karanta wa sau biyu.

Ranar Laraba na ga Innarki tana lallaɓa wa direba takarda, ita da biro bai san hannunta ba. Na san abin da ke ciki. Shekara ashirin ina faskara mata itace fiye da abin da girki ke ci, tukunyar shayi kullum a wuta a gidan da ni kaɗai ke shan shayi, ban taɓa tambaya ba. Ita ta tafasa ta yi shiru, ke kika tafasa kika sa a takarda. Nan kawai aka ɓata mini.

Kada ki gaya mata na sani, tana ji da sirrin nan nata.

Ga jarka ta biyu nan tafe. Ki tafasa. Ba sai kin rubuto ba.

A shafa mini kan amaryata.

Mahaifinki.