Kogon Jemagu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin ɗanki Auta?

Na ji kina son kai shi asibiti. Kada ki kuskura. Shekara goma sha biyu ina kwasar kashin jemage a kogon dajin nan ina sayar wa manoma taki, ko mura ban taɓa yi ba. Shi da na ɗauka aiki don zumunci, wata biyu kawai ya kwanta. Lalaci ne, tun yana yaro haka yake. In likitoci suka ji ya shiga kogo, rufe min kogon za su yi. Da hannuna na sare hanyar dajin nan, ba gado na ci ba. Ki ce cizon sauro ne, ki riƙa goge masa jiki.

Ƙaninki,
Mai Taki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Auta.

Kin rubuto cewa jini ya yi ta fito masa ta hanci da dasashi, kuma wai ni na kashe shi. Kwana ne ya ƙare, Yaya. Ban zo jana'iza ba saboda leburorina sun tsorata, sun ce sai na saya musu safar hannu da takunkumi. Na tara su a bakin kogo, na tuɓe riga, na shiga na cika buhu uku da hannuna, jemagu na ta fitsari a kaina. Duk suka bi bayana kamar tumaki.

Kin ce ke ma kanki na ciwo. Kuka ne ya yi miki yawa.

Ƙaninki,
Mai Taki

Yayata,

Ina gaishe ki. Yaya ƙarfin jiki? Wasiƙa biyu na ƙara aikowa a banza, mijinki ma ya ƙi ɗaga wayata.

Ina asibiti, a wani ɗaki da aka keɓe ni, gado ɗaya da bokiti. Masu kula da ni sun rufe jiki ruf, idanunsu kawai nake gani. Sun ce cutar jemage ce. Sun toshe kogon, lebura huɗu na kwance. Jiya likita ya tambaye ni wa ya yi jinyar Auta. Na ce ban sani ba.

Ki zo, Yaya. Ba mai goge min jiki.

Yanzu ma'aikaciya ke gaya min babu abin da ke fita daga ɗakin nan. Takardar ma ƙona ta za su yi.

Ƙaninki