Baba, Gwaggo Ta Tashi

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ko da a ce za ta iso, na san halinka, sai ka lalubi tabarau ka rasa, ka miƙo min ka ce in karanta maka. Yau babu mai karanta wa wani. Amma labarin ya fi ƙarfin cikina, kuma duk Garuwa babu wanda ya cancanci ya fara jin sa sai kai.

Wata bakwai ke nan da rasuwarka. Inna ta fita takaba lafiya, gwiwar ce dai take damun ta kamar kullum. Yaya Nasiru ya riƙe shagon atamfa da kyau, har ya fara yi wa masu ciniki irin tsawarka. Motocinka biyar kuwa har kwanan baya suna nan jere a ƙarƙashin rumfar kwano yadda ka bar su: Amarya, farar nan ta zuwa masallacin Juma'a, Bajimi, baƙar jif ɗin hanyar Banyo, Kurciya, Mai Tari, wadda sai ta yi kaki uku take yarda, sai Gwaggo, tsohuwar a-kori-kurar da ka fara jigilar albasa da ita tun ba a haife ni ba.

Tun ranar da aka kai ka, ko ɗaya ba ta sake tashi ba. Yaya Nasiru ya murɗa makulli har hannunsa ya gaji, inji yana juyawa amma ba ya kamawa. Matan unguwa suka ce motocin ma takaba suke yi. Wasu suka ce asiri ka ɗaure su da shi. Kai ka jawo wannan magana, Baba, domin shekara da shekaru kana gaya wa mutane cewa motocinka hannunka kaɗai suka sani, kana faɗa kana shafa gemu.

Aka kira Malam Danyel, bakaniken nan ɗan Mokolo mai gareji a Yelwa. Ya caja batir, ya canja fulogi, ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Daga ƙarshe ya ce babu wani asiri, makunnin ɓoye ne ka sa wa kowacce saboda ɓarayi, wanda in ba a taɓa shi ba wuta ba ta wucewa. Kwana biyu yana lalube a wuraren da mutane suka saba ɓoyewa, bai samu ko ɗaya ba. Ya ce ka naɗe wayoyinka cikin na asali yadda sai an farke komai za a gane, kuma farke wayoyin tsofaffin motoci biyar aiki ne da ba ya ƙarewa. Yaya Nasiru ya haƙura. Ban ga laifinsa ba. Yana so ya gina wa Inna ɗaki a wurin, kuma ita ma duk safiyar da ta fito ta gan su sai ta koma ciki da hawaye. Ya yi magana da wani mai sayen tsohon ƙarfe, aka tsayar da ranar Asabar za su zo da wutar yanka su daddatsa su, su loda a babbar mota.

Ina Maruwa wajen koyarwa, babu wanda ya gaya min. Ranar Laraba Inna ta faɗa min a waya, a tsakiyar hirar tsadar tumatir. Ranar Alhamis da azahar ina tsakar gidanka.

A nan zan gaya maka abin da na ɓoye maka shekara goma sha biyar. Ka tuna ƙujewar da ka tarar a bayan Amarya, wadda ka yi sati kana tsine wa ɗan moto, mai babur ɗin hayan nan, da ya goge ta a kasuwa? Babu wani ɗan moto. Ni ce. Ina da shekara goma sha bakwai, ka tafi kasuwar Pitowa da Gwaggo ranar Lahadi, Inna ta tafi barka. Na daɗe ina lura da cewa ba ka taɓa tayar da Amarya ba sai ka fara jawo ɗan akwatin toka ka jefa goro a ciki, kai da ba ka shan taba. Na ɗauki makulli a aljihun babbar rigarka, na jawo akwatin, na murɗa, ta tashi. Na zagaya unguwa sau biyu, wajen shigowa na goga ta a ginshiƙin ƙofa. Ka yafe min. Amma Baba, da gaske ba ka gane ba? In ba ka gane ba, me ya sa wata guda bayan nan ka ɗauke ni zuwa filin ƙwallo ka ce in zauna a sitiyari, alhali Yaya Nasiru ma sai da ya yi roƙo? Me ya sa ba ka nuna mamaki ba da ka ga na san inda kuloci yake?

Ranar Juma'a da safe na ce wa Yaya Nasiru ya ba ni makullan. Ya dube ni yadda ake duban wanda rana ta taɓa, amma ya bayar. Na aika aka kira Malam Danyel. Aminin nan naka Baffa Bobbo ma ya zo ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, wai ya zo yi wa motocin ban kwana.

Ka san dai gardamarku da shi, wadda kuka shekara talatin kuna yi a kan bencin nan: mota nawa ta kamaci mutum? Shi yana cewa ɗaya, tunda mazaunin mutum ɗaya ne, ba ya zama kujera biyu a lokaci guda. Kai kana cewa iyakar waɗanda zai iya tayarwa kowace Juma'a ya kai su gadar Binuwai ya dawo kafin a kira salla. Inna daga madafa tana cewa duk abin da ya wuce biyu cuta ce, a nemi magani. Ba wanda ya taɓa sauka daga kan maganarsa.

Na shiga Amarya, na jawo akwatin toka. Busasshen goronka yana ciki har yanzu, sai da na ɗan dakata. Na murɗa makulli, ta tashi kamar jiya aka kashe ta. Baffa Bobbo ya miƙe tsaye, sandarsa ta faɗi. Malam Danyel ya leƙo ya ga akwatin, ya dafe kai yana dariya, ya ce shekara ashirin yana aikin nan bai taɓa ganin irin wannan mugunta ba.

Daga nan na gane hanyar. Ba wayoyi zan bi ba, kai zan bi. Na zauna a kowace mota na rufe ido na tuno abin da kake yi kafin ka murɗa makulli. A Bajimi kullum sai ka cire takalmin hagu, wai ƙafarka tana zafi. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa kusa da kuloci, ga ɗan maɓalli nan, daidai babban yatsa. A Kurciya sai ka gyara hula a madubi, mu muna yi maka tsiya wai tsoho yana kwalliya, ashe yatsanka yana bayan madubin. A Mai Tari kullum sai ka yi faɗa da kujera, ka tura baya ka jawo gaba kana cewa wa ya taɓa maka, alhali babu mai shiga. Makunnin yana jikin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai. Ta yi kakinta uku ta tashi. Baba, duk ƙananan halayen da muka ɗauka na tsufa ne, ashe wayo kake yi mana muna kallo.

Kafin a tafi masallaci huɗu suna ruri a tsakar gida, hayaƙi ya cika rumfa, maƙwabta sun cika ƙofa. Ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar ranar ba. Sai Gwaggo.

Gwaggo ta ƙi. Na zauna a mazauninka daga azahar har la'asar ta wuce, na taɓa duk abin da hannu zai kai, babu. Na rasa abin tunawa, domin lokacin da kake yawan ɗaukata a cikinta ina ƙarama, hanya nake kallo da shanu, ba kai ba. Kuma ita ce na fi so a raina. A cikinta ka kai ni makaranta ranar farko. A bayanta muka yi barci a kan buhunan albasa. Yaya Nasiru ya ce huɗu sun tsira, a gode Allah, amma ya riga ya ba mutum magana, ba zai bar shi ya zo da ma'aikata ya koma hannu wofi ba. Gwaggo ce mafi tsufa, ita za ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, mutum uku da tukwanen gas. Suka fara warware tiyo a gaban Gwaggo. Na roƙi a ba ni minti goma, ba don ina da wata dabara ba, don in yi sallama da ita. Ban shiga ta wajen direba ba, na zagaya na zauna a wurina na da. Na ja ƙofa, ba ta kama ba, ka san halinta. Sai kawai na gan ka, Baba. Na ga hannunka ya tsallako ta gabana, ƙamshin goro da turare, ka ja ƙofar sau biyu kana cewa kada 'yarka ta faɗi a hanya, sannan hannun ya sauka tsakanin kujera da ƙofa kafin ya koma sitiyari.

Na zura hannu a wurin. Yana nan, ɗan ƙarami, an lulluɓe shi da guntun fata. Na danna, na matsa mazauninka, na yi bisimilla na murɗa.

Gwaggo ta girgiza, ta yi aman baƙin hayaƙi a fuskar mai riƙe da tiyo, ta ɗauki wannan rurin nata da ake ji tun daga bakin titi. Inna ta fito da ludayi a hannu tana dariya, dariyar da ban ji ba tun ranar da ka kwanta ciwo. Mai sayen ƙarfen ma mutumin kirki ne, ya ce shi matattu yake saye, ba ya yanka mai rai. Yaya Nasiru ya haɗa masa tsofaffin kwanuka da tayoyin da ka tara a bayan gida, ya tafi yana sa albarka. Yaya kuwa sai ya juya baya yana goge ido, wai hayaƙi ne.

An yi rabo yadda addini ya tsara, babu wanda ya ɗaga murya. Yaya Nasiru ya ɗauki Amarya da Bajimi. Malam Danyel ya sayi Mai Tari, ya ce ko don ya riƙa nuna wa masu koyon aiki. Ɗakin Inna ya samu wuri, har an fara tono. Yanzu ka gyara zama ka ji wannan: Baffa Bobbo ya zo bayan kwana biyu, ya yi ta kewaye-kewaye da Fillanci, daga ƙarshe ya nemi a sayar masa da Kurciya. Mai mazauni ɗaya yau motarsa biyu. Ya ce wai don tunawa da kai ne. Ranar Juma'ar da ta wuce an gan shi a gada yana gyara hula a madubi. Ka ci gardamar, Baba, ka ci ta kana kwance.

Ni Gwaggo na ɗauka, na haɗa da 'yar ƙaramar da nake zuwa makaranta da ita. Na yi tunani sosai a kan tambayar taku, na tsaya a biyu. Da ma'auninka na auna: biyu nake iya tayarwa ranar Juma'a kafin in shiga aji. Inna ta ce alhamdu lillahi ban kai ga cuta ba tukuna. Ban gaya mata cewa akwai wata shuɗiyar mota da nake wucewa ta gabanta a Maruwa ba, tana zaune a kan duwatsu babu taya, kullum sai na rage gudu.

Saura magana ɗaya. Bayan murna ta lafa na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Tun ina yarinya nake taƙama cewa babana ba ya tayar da mota sai ya tabbatar ƙofata ta rufu. Ashe makunni kake nema? Ashe ni ma cikin wayon nake, kamar hula da takalmi? Da wannan a raina na ɗauki Inna a Gwaggo muka yi zagayenka zuwa gada. Kafin in tayar na tsallaka hannu ta gabanta, na ja ƙofar sau biyu, na danna. Ta tambaye ni jan ƙofar na mene ne. Na ce ai haka kake yi. Ta ce shekara arba'in tana shiga motar nan, kai dai sunkuyawa kake yi kamar wani abu ya faɗi, ba ka taɓa ja mata ƙofa ba ko sau ɗaya, har ta taɓa yi maka ƙorafi.

Makunnin dannawa ɗaya yake buƙata, Baba. Jan ƙofar nan sau biyu nawa ne ni kaɗai. Na tsaya a bakin gada na yi kukana, Inna tana cewa in matsa ana yi mana oda a baya.

Gobe zan kama hanyar Maruwa da Gwaggo. Na duba mai da ruwa da iskar taya yadda ka koya min. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a inda ba a rabuwa. Ka huta, ƙofar ta rufu.

'Yarka mai satar makulli,
Hajara