Ɗakin da Ya Haɗiye Muryar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Baba ya dawo wurinmu da zama. Shekara tara ke nan ba ya gani, amma a tsohon gidansa ko sanda ba ya riƙewa. Na shirya masa ɗaki: kafet mai kauri, labule ninki biyu, soso a kusurwar tebur. Agogon bangonsa mai ƙas-ƙas na kai shi sito, na rataya marar ƙara don ya samu barci. Na duba jerin abubuwan da na rubuta sau biyu. Ina jin ban manta komai ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ya buga goshi a kabad. Karo na biyu.

Asabar, 8 ga Maris
Ya daina tashi. Komai sai an kai masa gado. Matata ta ce tsufa ne. Mutumin da makon jiya yake share tsakar gidansa? Ko ni ne na yi kuskuren taho da shi.

Talata, 11 ga Maris
Na daure na tambaye shi abin da ke damunsa. Ya yi gyaran murya, ya karkata kai, ya jira.
"Ka ji? Muryar ba ta dawo ba. A gidana in na yi tari bango yakan amsa, in san inda yake. Kai kuwa ka cusa ni a buhun auduga, Malam Injiniya."
Haka yake kirana tun ina ƙarami, in na gyara abu ya lalace. Agogon ma, wai shi ke nuna masa ƙofa.
Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 12 ga Maris
Na naɗe kafet, na sauke labule. Matata tana dariya: "Wanda ka kwana uku kana aunawa?" Agogo ya dawo dab da ƙofa. Sau uku Baba ya sa na canza wa ƙusa wuri.
"Ƙasa kaɗan. Kai da ido kake saurare."

Lahadi, 16 ga Maris
Ya fito falo shi kaɗai, yana tari kamar mai sallama. Ya ce daga ƙofa zuwa taga taku shida ne. Na auna a ɓoye. Shida da rabi. Ban faɗa masa ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Yau ya yi shara, ya kuma yi mitar tsintsiyarmu.
A wurin aiki na shiga ɗakin ajiya, kafin in kunna fitila sai na tsaya na yi gyaran murya. Ta dawo ta hannun dama, kusa. Tef ɗin awo na aljihuna, ban ciro ba.
Maƙogwarona ne ya bushe kawai, ina jin.