Waƙar da Ta Maƙale a Hannun Hagu

Dogo-Dogo, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga jikana kuma abokina Mahdi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Yaya baƙunta a ƙasar mutane? Mu nan alhamdu lillahi, hatsi ya shiga rumbu, wake ne bai yi ba. Jikina da sauƙi, sai hannun hagu da ke nan yadda ciwon bara ya bar shi.

Laraba, maƙwabciyata mai aikin jinya a gidan likita, ta nuna mini saƙonka a salularta, ita ce kuma za ta ɗauki hoton wannan takarda ta tura maka. Na gane kana so in rubuto maka Waƙar Ƴan Kokawa duka, baiti arba'in da uku, ka sa ta cikin littafin da za ka miƙa wa jami'a a watan Mayu kafin su ba ka digirin masta na rubutun waƙa. Na yi murna ƙwarai. Tun da maigidana Sallau, wanda ya koya mini waƙar, ya rasu, ni kaɗai na rage da ita.

Na zauna da bik na rubutu da takarda kwana tara. Baiti shida suka fito. Mahdi, ni da na yi lakwal, makarantar boko, a Magariya, har yau ina iya jero maka kogunan Faransa da mushe, malaminmu, ya ɗura mana da bulala. Amma waƙar da na yi shekara hamsin ina rerawa ta ƙi zuwa. Sai yanzu na gane ba a kaina take ba. Yatsa ne ke danna tsirkiyar gurmi, sannan kalma ta biyo baya. Yatsun kuwa sun daina jin maganata.

Saboda haka ka zo a bakansi, lokacin hutunku, ka kaɗa mini, ni in rera, ka rubuta. Kai kaɗai ka san kiɗan, a kan cinyata ka koye shi.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Ka ce malamanka sun sa ka jingine gurmi shekara guda, wai domin waƙarka ta iya tsayawa ita kaɗai a kan takarda. Waƙoƙin da ka aiko na karanta su sau uku. Ba amshi, ba wurin da mutum zai shaƙi numfashi. Guda ma layi huɗu ce, a kan taga. Wa za a yi wa wannan a fili?

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kakanka,
Ɗan Azumi Mai Gurmi

Dogo-Dogo, 14 ga Janairu

Abokina Mahdi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata murar da ka ambata ta sake ka. Ka riƙa sa hula.

Na ji ba za ka samu zuwa ba sai bayan littafin. Kiɗan da ka ɗauka ka turo ya iso, kuma na gode da ka saɓa wa malamanka saboda ni. Hannunka na nan da kyau, har ya fi nawa tsabta. Amma bai yi mini amfani ba, kada in ɓoye maka.

Laraba ta bar mini salular yini guda. Na kunna ya fi sau ashirin. Kiɗan yana tafiya abinsa kamar injin niƙa, bai san ina nan ba. In na buɗe baki, ya wuce. In na tsaya neman kalma, bai juyo ya ɗauke ni ba. Ka manta yadda muke yi? Mai kiɗa bakin mai waƙa yake kallo. In ya ga ya kakare, sai ya riƙa zagayawa a wuri ɗaya har kalmar ta sauko. Wannan na cikin salula ba ya zagayawa don kowa. Baiti biyu na samu, na haɗa takwas.

Ran kasuwar Dungas na hau kabu-kabu na je neman mai gurmi. An nuna mini wani da ke kiɗan biki. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa jin waƙar ba, ni kuma ba ni da hannun da zan nuna masa. Muka zauna muna kallon juna. Hanyar ta kwantar da ni kwana uku.

Ba na son in dame ka, kana da naka. Sai dai tun rasuwar kakarka Zulai, wata rana ba na jin muryata sai la'asar, in Laraba ta leƙo auna mini tansiyo, wato hawan jini. Mutanen cikin waƙar nan duk sun rasu, kuma ba wanda ya taɓa rubuta sunansu ko'ina. In na tafi da su a cikina, shi ke nan.

Ka gaida wanda ya tambaye ni.

Kakanka,
Ɗan Azumi

Dogo-Dogo, 23 ga Fabrairu

Mahdi,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Yau gaisuwar gajeriya ce.

Wane ne wannan malamin da ya ce ka cike guraben da naka baitocin? Wai jika ya amsa wa kaka da muryarsa. To, na ga amsar. Ka rubuta cewa Kolo ya ka da Maina a filin Bande. Ƙarya ne! Ina wurin, ni ke riƙe da jakar Sallau. Jikokin Maina na nan unguwarmu, da wace fuska zan wuce ƙofarsu in wannan ya shiga littafi?

Na miƙe tsakar gida ina faɗa, Laraba na ba ni haƙuri. Ina cewa ba haka aka yi ba, ga yadda aka yi, sai na ji abin yana fita da rerawa:

Maina ya ɗaga Kolo sama kamar damin hatsi,
Bai maka shi ba, ya aje shi sannu,
Don gobe ƙanwar Kolo ke shiga gidansa.

Bayansa wasu huɗu suka biyo a guje, Laraba na rubutawa a bayan takardar magani. Daga nan suka ƙafe. Ga su na kwafe maka a ɗayan shafin. Sha uku ke nan, saura talatin.

Ban sani ba ko da gangan ka yi, ko jahilci ne. Kada ka gaya mini. Abu guda zan faɗa: ƙaryar taka ta hau kiɗan daram, ba gaɓar da ta yi saura. Wannan kada malamanka su ji.

Yanzu ga aikinka. Bayan Maina sai Manzo ɗan Dungas, wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba har ya bar kokawa. Ban da sunansa ba abin da nake tunawa a baitinsa. Ka rubuta cewa an ka da shi. Ka ce a gaban garinsu ne, ka ce ya yi kuka. Kada ka tausaya masa, kada ka tausaya mini, in ta yi laushi ba za ta tayar da ni ba.

Laraba ta auna ni ran nan ta samu tansiyo ya hau har sha tara, ta ɓata rai. Ta ce in dole ne, ƙarya ɗaya a sati, kuma sai tana kusa. Ta san aikinta. Amma na ƙirga satin da suka rage kafin Mayu, na kuma san jikina. Ka riƙa aiko uku a sati.

Allah ya yi maka albarka, maƙaryaci.

Kakanka mai jira,
Ɗan Azumi Mai Gurmi