Abin Kunnen Auta

Auta,

Kada ka karanta wannan takarda a tsaye, kuma kada ka miƙa wa matarka ka ce ta faɗa maka abin da ke ciki. Nemi wuri ka zauna, domin faɗa zan yi maka.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da 'yata da takwarata Ummi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar babanku da take taɓa shi in an yi sanyi.

Da gangan na daina kiran ka a waya. Kwanakin nan duk maganar da na yi sai ka ce, "Na'am, Umma?" Ranar nan na gaya maka ƙanwar babanku ta zame a banɗaki ta karye a hannu, ka ce mini, "Madalla." Ni na haife ka, na san ba rashin tarbiyya ba ne. Ba ka ji ba ne. Da kuka zo hutu kuma na lura duk wanda ya yi maka magana sai ka karkato masa kunnen dama. Na san wannan karkata wuyan, na daɗe ina zaune da shi.

Babanku ya shiga aikin masaƙa yana jin faɗuwar allura. An raba musu abin toshe kunne, ya ce yana sa shi ƙaiƙayi da gumi, ya bar shi a aljihu. Ni nake fitar da shi in zan yi wanki. Yau ga shi nan a kujerarsa ta gefen taga, ko ƙofa aka buga da ƙarfi ba ya waiwayawa. In abinci ya sauka ba kiran sa nake yi ba. Makunnin fitila nake taɓawa, in kashe in kunna, sai ya ɗago kai. In babu wuta sai in taka in dafa kafaɗarsa, ya zabura kamar an kama ɓarawo. Tun da kuka watse, ni da rediyo muke hira, shi ma rediyon nasa kawai yake faɗa.

Kai kuma da ka ce sai tuƙin jirgin sama, ka je ka zauna a bayan injin da ya fi na masaƙa ihu. Na ga abin da kake ɗorawa a kunne, wanda ka nuna mini a jakarka kana dariya, sosonsa ya fashe an naɗe da salatif. Wannan ba tsimi ba ne, wauta ce. Ka sayi na kirki tun kana da abin da za ka kare.

Ka ba ni amsa a rubuce. Babanku ba ya shan hirar waya, amma takarda yana karantawa, har ya maimaita.

Allah ya yi maka albarka, ya kuma sa ka ji magana.
Mahaifiyarka

*

Umma ranki ya daɗe,

Wa'alaikumus salam. Na zauna kamar yadda kika ce, har hula na cire don girmama takardar. A gaida Baba da gwiwa, a kuma ba Gwaggo haƙuri, wallahi na ɗauka cewa kika yi ta samu sauƙi.

Ba zan musa ba. In na sauko daga jirgi, kunnen hagu yakan yi ta ƙugi kamar an bar famfo a buɗe, wani lokaci har washegari. Jirginmu ƙarami ne, farfela ɗaya a hanci, muna kai magunguna da kaya garuruwan da mota ke shan wahala. Tsohon abin kunnen tun na makaranta ne. Yana matse kai kamar an ɗaura mini dutse, yana danna hannun tabarau cikin nama, shi ya sa in tafiya ta yi nisa nake ɗan zame na hagu don in huta. Kin ga inda ɓarnar ta shigo.

Iri biyu ne a kanti. Akwai mai toshewa kawai da soso mai kauri, yana da araha, amma nauyi da matsi su ne halinsa. Akwai kuma mai batir, wanda yake kashe gurnanin injin da kansa, ya bar maka muryar masu ba da hanya daga hasumiya. Wannan ba shi da nauyi, sai dai kuɗinsa ne ke da nauyi. Ga haya, ga makarantar Ummi. Zan duba in an kwana biyu.

Gwajin likita na sabunta lasisi yana tafe. Ki sa ni a addu'a, ki rage faɗa.

Ɗanki mai jin magana da kunne ɗaya,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, babanku ya yi dariya a wurin hula, ni ban yi ba.

"In an kwana biyu" ita ce maganar da babanku ya yi ta faɗa mini har kunnen ya tafi. Kai da bakinka ka ce likita na tafe. In ya ce ba ka ji, da me za ka biya hayar? Da barkwanci?

Ban san jirgi ba, amma na san sayayya. Ka saye shi yadda nake saya muku takalmin makaranta. Kada ka duba suna, kada ka duba wanda abokanka ke taƙama da shi. Ka sa shi a kai da tabaraunka, ka zauna a kantin, ka daɗe, ko mai kanti zai ɓata rai. Abin da ya matse ka a zaune zai cije ka a sama, kuma duk abin da ke cizo ƙarshensa aljihu. In sabo ya fi ƙarfinka, gwanjo ba abin kunya ba ne. Da kayan gwanjo na yaye ku duka, ba wanda ya fito a karkace.

Makon jiya maƙwabciyarmu mai ɗinki ta tashi, ta koma wurin ɗanta. Ita ce mai leƙowa da hantsi mu ɗan taɓa hira ta kan katanga. Yanzu sai in wuni ban buɗe baki ba sai a salla. Shekaranjiya na ji kaina ina yi wa buta faɗa don ta ƙi tafasa. Ba don ka ji tausayina na faɗa ba. Don ka san irin gidan da mutum ke gina wa matarsa ne in ya yi wasa da kunnensa.

Ka gaida 'yata. Allah ya tsare hanya.
Mahaifiyarka

*

Umma,

Assalamu alaikum. Albishirinki. Na saya.

Wani dattijon matuƙi a wurinmu ya ajiye aiki, ya sayar mini da nasa mai batir cikin rahusa. Na sa shi na zauna a falonsa har matarsa ta kawo mini shayi ta sake kawowa, ta fara tambaya ko a nan zan kwana. Bai matse ni ba. Na canza masa sabon soso, ya koma kamar daga kwali.

Umma, ranar da na fara tashi da shi, na danna maɓallin, sai duniya ta yi tsit. Har gabana ya faɗi, na duba allon injin don na zaci ya mutu. Ashe lafiyarsa lau. Ga gajimare a ƙasana, ga rana, ba abin da nake ji sai numfashina. Tun da na girma ban taɓa samun wuri irin wannan ba, inda ba wanda ke neman wani abu a wurina.

Likita ya sa ni a ɗan ɗakinsa ina danna maɓalli in na ji ƙara. Ya ce na hagu ya ɗan ja baya kuma ba zai dawo ba, amma na wuce, in na kiyaye zai tsaya a nan. Kin yi gaskiya, kamar kullum. A rubuta wannan a ajiye, don ba kullum nake faɗa ba.

A gaida Baba.
Auta

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Baba. Ya sanyi, ya gwiwar Baba? Ummi tana gaida ku, haƙorinta na gaba ya fita.

Umma, ki gafarce ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kawo ƙarar Abban Ummi ba, kuma ba ƙara na kawo ba yanzu ma, shawara nake nema. Bai san na rubuto ba.

Abin kunnen nan da ya saya, da farko a jaka yake kwana. Sai wata rana maƙwabcinmu ya tayar da janareto, ya ɗauko ya sa, ya ce kansa na ciwo. Ban ga laifi ba. To yanzu ko janareto na aiki ko ba ya yi, da ya shigo ya yi wanka sai ya ɗora shi ya miƙe a doguwar kujera, ya haɗa da wayarsa, ya lumshe ido. Ba ya faɗa, ba ya fita yawo, ba abin da ya rage mu da shi. Yana nan, amma kamar ba ya nan. In na yi magana sai ya ɗaga gefe ɗaya ya ce, "Ina jin ki," hannunsa na riƙe da shi yana jiran in gama.

Ranar da haƙorin Ummi ya fita, ta rugo da shi a tafin hannu ta tsaya gabansa tana ta zuba labari. Ya yi mata murmushi ya ɗaga mata babban yatsa. Ta tsaya, ta juyo ta dube ni. Jiya na same ta a lungun gado ta kifa kofunan roba a kunnuwanta, na ce me kike yi, ta ce, "Ina hutawa, kar a dame ni."

Na gaji da ɗaga murya maƙwabta na ji, sai na samo dabara. In na gama abinci sai in kashe fitilar falo in kunna, nan take yake buɗe ido ya taso. Dabarar tana aiki, Umma, amma ban san me ya sa ba, duk lokacin da na taɓa makunnin sai in ji kuka na zo mini.

Na san yana gajiya, na san kuma don lafiyarsa ya saya. Ki gaya mini yadda zan yi.

'Yarki,
Maman Ummi

*

Auta,

Assalamu alaikum. Wannan karon ka kira matarka ta zauna kusa da kai, ka karanta da ƙarfi, kunnenka a buɗe. Ta rubuto mini, kuma ta yi daidai. In ka ɗaure mata fuska a kan haka, da ni kake yi.

Ban taɓa koya mata wasa da fitila ba. Kai ka koya mata.

Na ba babanku takardarta kamar yadda nake ba shi kowace. Da ya zo wurin fitilar sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon makunnin da ke bangonmu. Ka san ya rage magana, don ba ya jin muryarsa, yana kunyar ya yi ihu. Ranar bai ji kunya ba. Ya ce, har ana ji a waje, "Ki gaya wa yaron nan, da za a ara mini kunne na yini ɗaya, ko faɗanki ne zan zauna in saurara har ki gaji." Na shiga kicin na yanka albasa, ko da yake an riga an gama girki.

Da na fito na tarar ya zazzage gwangwanin kayan gyaransa, ya zaɓo ƙusa mai kyau. Ita ce ka ji ta yi nauyi a cikin ambulan. 'Yar'uwarta kuma ya kafa da kansa a bakin ƙofarmu, daidai saman inda ake cire takalmi.

Ni na ce ka sayi abin kunnen, kuma ban janye ba. Ka sa shi a sama duk lokacin da injin ke juyawa, kada ka zame ko gefe ɗaya. Na ce ka kare kunnenka ne don ka kawo shi gida a yi amfani da shi, ba don ka kulle shi ka hana masu haƙƙi ba. Shirun da kake yabo, ni na san shi fiye da kai. Yana da daɗi ga wanda zai iya danna maɓalli ya fito.

Ga doka, a gidanka da nawa. Ka kafa ƙusar nan a bakin ƙofa yau. Inda takalmi ya tsaya, nan abin kunne zai tsaya. Janareto, kukan yaro, mitar mace, duk ka shigo ka sha tare da kowa. Kuma daga yau ba wanda zai sake kiran mai kunne da fitila. Wannan kiran na babanku ne shi kaɗai.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifiyarka