Allurar Zayyad: Abin da Hammadu Ya Bar wa Ɗiyansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Hammadu ɗan Buba, mutumin Yargalma, wanda 'yan bindiga sunka koro ya zauna Gummi. Ina rubuta wanga da hannuna, da hankalina cikakke, ba wanda ya sa ni. Ƙafafuna sun kumbura, cikina ya tara ruwa, likita ya ce in koma gida in huta, kuma na gane abin da yake nufi. Jiki ne ya gaza, kai yana nan garau. Limamin unguwarmu ya karanta, ya shaida.

Zuwa ga ɗiyana uku: Halilu, Bara'atu, Saifullahi. Halilu, kai ne ɗan fari, tun da anka haife ka ban taɓa kiran sunanka da bakina ba. Yau na aje kunya na rubuta shi, don mafi yawan maganar da kai nake.

Na ɗaya. In Allah ya karɓi raina, ku rufe ni nan Gummi. Kada wani ya ce zai kai ni Yargalma kusa da iyayena. Kun san halin hanya. Ban yarda a jefa ran mai rai cikin daji saboda gawa ba.

Na biyu. Abin da na bari kaɗan ne: gonar fadama da gonar tudu a Yargalma, da kangon gidanmu, da tumakin da ke hannun Innarku Tabawa. Shanu kun san inda sunka tafi. A fitar da rabon Inna, sauran a raba yadda Allah ya ce. Kada ku sayar da gonakin yanzu don ba a iya zuwa. Wanda zai saya ya san kuna cikin matsi.

A nan zan faɗa muku wani abu da na so in yi. Na tambayi Liman ko zan iya cewa gonar fadama ta Halilu ce in ya yarda anka yi wa ɗansa Zayyad allurar rigakafi, in ya ƙi a ba ƙannensa. Liman ya ce bai halatta, gado ba nawa ba ne balle in ɗaura masa sharaɗi. Na karɓa. Don haka ba ni da abin da zan tilasta kowa da shi. Magana ce kawai ta rage mini, ita ce kuwa na yi ta yi ba ta ci ba.

Na uku. Babur ɗina na ba Hamisu mijin Bara'atu, daga cikin abin da shari'a ta yarda in bayar ga wanda ba magaji ba. Hamisu, ka yi kabu-kabu da shi ka ci abinci. Amma duk matar da ta tsai da kai da goyo ta ce ranar allura ce, ka kai ta ka maido ta, kada ka karɓi komai. Ladan namu ne ni da kai.

Na huɗu. Halilu.

Ba zan ce maka marar hankali ba, don ba haka kake ba. Na san daga inda abin ya taso. Shekarar gubar dalma kana sabon aure, ana niƙa dutsen zinari a tsakar gidanmu kamar kowane gida a Yargalma. Yara sunka riƙa sanƙarewa suna mutuwa, ba mu san dalili ba. Autata Asma ta tafi, ɗanka na fari ya bi ta, ko yaye shi ba a yi ba. Sannan likitoci sunka zo daga nesa, sunka kankare ƙasar gidaje, sunka kwashi yara zuwa Bukkuyum. Ni abin da na gani shi ne yaran da anka ba magani da yawansu sun tashi, yau wasu har sun yi aure. Kai abin da ka ji shi ne ana faɗin sunan garinmu a rediyo, ana cewa kwaɗayin zinari ya sa munka kashe ɗiyanmu. Wuri ɗaya munka tsaya ni da kai, kowa da abin da ya ɗauka.

Ranar da na zaunar da kai a ƙofar gida kan maganar allura, abin da ka ce yana nan a kunnena. Ka ce, "Baba, da anka kwashe shanunmu wa ya zo? Da anka ƙone rumbu wa ya zo? In yaro yana zazzaɓi ka kai shi, sai a rubuta maka takarda a ce je ka saya. Amma wagga allura ita ce kyauta, har gida ake biyo mu da ita. Me ya sa?" Gaskiya ka faɗa, an bar mu. Abin da na sani kawai shi ne ƙyanda ba ta san an bar mu ba. In ka hana Zayyad allura, waɗanda sunka ƙi zuwa ranar da anka ƙone rumbu ba su ji komai ba a jikinsu. Yaron ne zai ji.

Na ba ka labarin shekarar bushiya, annobar shanu, lokacin ina saurayi ina bin shanun babana. Garken da anka yi wa allura anka tsaga musu kunne sun tsaya, na maƙwabcinmu da ya gudu da su daji sun zube har ungulu ta gaji. Ka ce mini, "Baba, ɗan Adam ba sa ba ne." Na ce haka ne, ya fi sa daraja, shi ya sa. Ka tashi ka ce lokacin sallah ya yi.

Sannan bazarar bara ta zo. Muna cunkushe a gidan nan da ba a gama ginawa ba, mu da wasu gidaje, ƙyanda ta shigo. Ɗiyarka Fiddausi, mai shekara huɗu, ita ce mai kawo mini buta. Idonta ya yi ja, tari ya kama ta, ƙuraje sunka fito, daga baya ciwon ya sauka ƙirji. Kun kai ta asibiti, ka sayar da wayarka da buhun geron da ya rage, ba ka yi sakaci ba a nan. Allah ya karɓi abinsa. Ɗiyan Bara'atu da anka yi wa allura tabarma ɗaya suke kwana da ita, ba wanda ya kamu. Zayyad yana jariri a lokacin, Allah ya tsallakar da shi. Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, ba a taɓa yi masa ko ɗaya ba, ga zafi yana dawowa, ga shi ana maganar mashaƙo a garuruwa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma kai da kanka ka ɗauki iyalinka cikin ruwan sama ka baro Yargalma, ba ka zauna ka ce in ajali ne zai same mu ba. Wanda ya halicci cuta shi ya halicci magani. Ba na ce maka in an yi masa ba zai mutu ba, wannan ba mai iya faɗa. Zai yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, wurin zai iya kumbura, zai yi kuka. Ina roƙonka, ba umurni nake ba ka ba: ka bar matarka Hure ta kai shi.

Ban sa rai za ka yarda ba. Na san ka tun kana goye.

Na biyar. Bara'atu, ke ce mai gaskiya a kan allura, kuma ke ce kika rufe ƙofar. A zaman makokin Fiddausi, gaban mata, kika dubi yayanki kika ce, "Yaya, da hannunka ka haƙa ramin yarinyar nan." Na san baƙin ciki ne, ke kika yi mata kitso ranar da zazzaɓin ya fara. Amma ki duba abin da maganar ta haifar. Ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa, bai ƙara taka gidanki ba. Kafin ranar yana shakka ne kawai, har na ga alamun zai sakko. Yanzu in ya miƙa Zayyad, a zuciyarsa ya amsa cewa shi ya kashe ɗiyarsa. Wane uba zai iya amsa wannan ya ci gaba da rayuwa?

Ki tafi gidansa ki ba shi haƙuri, ke kaɗai, ba tare da rakiya ba. Ranar kada ki ambaci allura ko da wasa. Ki koma, ki sake komawa. In wata rana shi ya ɗauko maganar, ki bar shi ya gama faɗin duk abin da ke ransa, kada ki katse shi. Inda ya faɗi gaskiya ki ce gaskiya ne. Abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, mu je mu tambaya. Kada ki yi masa maganar gaban mutane. Kada ki gwada masa ɗiyanki. Sunan Fiddausi kuwa, sai dai a addu'a.

Na shida. Hure matar Halilu ta zo mini tana durƙushe, fuska a rufe, ta ce, "Baba, in na goya shi kamar za ni kasuwa, wa zai sani?" Na hana ta, kuma ina hana ku ku zuga ta. Yaro zai yi zazzaɓi, uban zai gane, auren zai mutu. Ita ba ta da inda za ta, garinsu ya watse. Na yi kwanaki ina juya wagga magana, ban tabbata na zaɓi daidai ba. Mai yiwuwa na tsare aure na saki yaro. Allah ya sani, ni ban sani ba. Hure, ki yi haƙuri da mu. Kowa ya riƙe ta da mutunci, ta binne ɗiya biyu a gidanmu.

Na bakwai. Saifullahi, kai ba ka ƙi ba, samu ne ba ka yi ba. Kana Zugu wurin surukanka, masu allura ba su iya shiga yadda sunka saba, kuma ban ga laifinsu ba, su ma ɗiyan wasu ne. Kada ka zauna jiran su. Duk ranar da hanya ta yi sauƙi, ranar kasuwa da ake tafiya a ayari, ka ɗauko matarka da 'yan biyunka zuwa Bukkuyum. Kuma ka rage sauraron muryoyin nan da ake turo maka a waya. Mutumin da ba ka san fuskarsa ba, ba ka san garinsu ba, in ɗanka ya kwanta ba zai zo ya duba shi ba.

Na takwas. Ku gai da abokina Malam Halliru, ku riƙe shi kamar ni. Tare munka yi karatun allo, tare munka gudo. Shi yana kan cewa allurar nan rage haihuwa ake da ita. Na ce masa ya ƙirga ɗiyan matan da anka yi wa tun suna yara, ya yi dariya ya ce, "Hammadu, kai dai boko ya taɓa ka." Mun yi shekaru muna wagga gardama a kan tabarma ɗaya, ba ta hana mu cin goro ɗaya ba. Ban juya shi ba. Amma Halilu yana jin maganarsa fiye da tawa. Malam, in an karanta maka wanga, abu ɗaya nake nema a wurinka saboda zaman da munka yi: in yaron nan ya tambaye ka, kada ka ƙara masa ƙarfi. Ko shiru ka yi, na gode.

Na tara. Innarku ta zauna inda ta ga dama. Kada ku sa ta tsakiya, kada ku aike ta da maganar da kunka kasa faɗa wa juna. Ba ta barci tun rasuwar Fiddausi, kowane tari ta ji a maƙwabta sai ta miƙe zaune.

Ɗiyana, na so in tafi na bar gida a haɗe, ban samu ba. Na so in koma in ga gonar fadama ko sau ɗaya, ban samu ba. Na yi magana da taushi, na yi da faɗa, na yi shiru ko shirun zai yi aiki. Zan kwanta ban san abin da bazarar bana za ta ɗauka a gidan nan ba, kuma ba ni nan balle in riƙe wanda zai faɗi. In abin da nake tsoro ya faru, Allah ya kiyaye, na haramta wa kowa a cikinku ya ce ai an faɗa maka. Ku wanke, ku sallata, ku rufe, ku zauna da ɗan'uwanku.

Na yafe muku duka, duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Allah ya raya Zayyad da sauran jikokina, ya tsare su daga abin da munka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya kawo ƙarshen wagga masifa, ya maida kowa garinsu.

Hure tana da ciki, haihuwar za ta zo wajen kaka, ba zan gani ba. Ranar suna ina son ku ukun ku hallara, ko da hanya ta yi wuya, ko da zukata ba su huce ba. Halilu, ka aika wa ƙanwarka goro da hannunka. Bara'atu, ki karɓa ki zo da wuri ki kama aiki. Ku zauna a tsakar gida ɗaya, ku ci daga akushi ɗaya, ko ba wanda ya ce wa wani uffan. Wannan kam kuna iyawa.

Wassalamu alaikum.

Babanku,
Hammadu ɗan Buba